Zangon da Ya Haɗa Kamamme da Mai Kamu

Abokina, da zan tafi ka ja mini kunne cewa in na dawo kada in ishe ka da labarin sanyi da dogayen benaye, don kowa ya je Turai tsarabar da yake kawowa ke nan. Na ji, kuma zan ƙoƙarta. Ainihin tsarabarka labarin wani lauya ne mutumin Siriya mai suna Anwar al-Bunni, wanda, in faɗa maka gaskiya, ko sunansa ban taɓa ji ba sai da na taka ƙasar Jamus. Ba mu gana ba. Sawunsa na bi, daga inda ya fara sauka har inda ya tsaya gaban alƙalai.

Farkon Nuwamba 2024 na tashi. Zancen biza ka san shi, kai ka raka ni tasha har sau biyu. Kano zuwa Abuja a mota, sannan jirgin dare, awa shida da 'yan kai muka sauka Farankfot gari bai gama wayewa ba. Daga nan jirgin ƙasa zuwa Balin, babban birninsu, awa huɗu. A cikinsa ƙauyancina ya fara leƙowa. Na ga kujera ba kowa, ga taga, na baje har da cire takalmi. Jim kaɗan wata tsohuwa ta zo ta tsaya a kaina, ba ta ce uffan ba, sai nuna mini wani ɗan allo mai haske da ta yi. Ashe an kama wurin tun kafin in bar Abuja. Na miƙe da takalmi a hannu ina ba da haƙuri da Hausa. Ranar kuma ƙarfe huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi. Na yi magariba, na ɗan jira na yi isha, na kwanta. Da na farka na ɗauka asuba ce har na yi alwala, agogo ya ce tara na dare.

Taron 'yan jarida ne ya kai ni, na kwana biyar, kuma ba shi ne labarin ba. Cikin masu yi mana tafinta akwai wani mutumin Hims, ɗaya daga manyan biranen Siriya, ɗan kimanin shekara arba'in, siriri, furfura ta riga shekarunsa. Da na ji Balarabe ne sai na kakkaɓe Larabcina na Islamiyya na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, sannan ya ce, "Ya ustaz, Larabcinka na kan mumbari ne. Kana buɗe baki na ji kamar in gyara zama a fara huɗuba." Nasa kuwa, in ya sake shi da 'yan ƙasarsu, ko sulusi ba na tsinta.

Ka san mu a Kano in aka ce mutumin Siriya, Kwarori ke zo mana a rai: Kantin Kwari, dilolin atamfa, masana'antu a Bompai, mai kuɗi zaune bayan kanta. Da wannan hoton na tafi. Ban taɓa kawo wa raina Bakwaren da ke bin layin neman takardar zama ba, alhali kusan miliyan guda ne a Jamus, mafi yawansu tun daga guguwar gudun hijira ta 2015.

Ranar da aka ba mu hutu ya tambaye ni abin da nake son gani. Na ce katangar Balin mana, in samu hoton nuna wa yara. Ya ce katanga ba inda za ta, yau zai kai ni wurin da ba a kai baƙi. Muka shiga jirgin cikin gari muka nufi kudu, zuwa wata unguwa mai suna Marienfelde.

In ba a gaya maka ba, wucewa za ka yi. Gidaje ne 'yan hawa biyu zuwa uku a jere, sak kwatas ɗin ma'aikata, itatuwa sun zubar da ganye, ga kekunan yara a jingine. A 1953 aka buɗe wurin don karɓar Jamusawan da ke gudowa daga Jamus ta Gabas, kuma kafin 1990 mutum miliyan 1.35 sun bi ta cikinsa. Gaban ginin yanzu gidan tarihi ne. Na ga tsofaffin akwatuna, da takardar da ake ba kowane sabon zuwa ya yi ta yawo da ita ofis bayan ofis ana buga mata hatimi. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan, wai Bajamushe ma ya taɓa zama ɗan gudun hijira a ƙasarsa, yana layi da takarda a hannu. Bayan ginin kuwa, tun ƙarshen 2010, 'yan gudun hijirar wasu ƙasashe ake saukewa. A bakin ƙofar nan, hannuwana cikin aljihu, mutumin Hims ya warware mini labarin.

An haifi Anwar al-Bunni a 1959 a Hama, garin da sojojin Hafiz al-Asad suka yi wa kisan kiyashi a 1982. Na ce Allah ya jiƙan Musulmi, shi ma ɗan Ikhwan ne ke nan? Ya yi dariya ya ce Kirista ne. Ka ji wani jahilcin nawa: na ji Anwar, na ji Balarabe, na gama yanke hukunci. Gidansu gidan 'yan adawa ne masu ra'ayin gurguzu, 'yan'uwansa sun sha ɗauri tun yana saurayi, kuma in aka tara shekarun da mutanen gidan suka yi a kurkuku sun haura 70. Abin da ya tura shi karatun lauya ke nan. Da ya fara aiki bai zaɓi wanda zai tsaya wa ba: ɗan gurguzu, mai kishin Islama, Bakurde, duk wanda gwamnati ta kama saboda bakinsa, galibi ba ko sisi.

A watan Mayu 2006 ya sa hannu, shi da wasu ɗaruruwan masana na Siriya da Labanan, a wata takarda mai neman Siriya ta mutunta 'yancin maƙwabciyarta. Kwanaki kaɗan bayan haka aka cafke shi a ƙofar gidansa a Dimashƙ, aka cusa shi a mota. A Afrilu 2007 aka yanke masa shekara biyar kan laifin "yaɗa labarin ƙarya", ya yi su cur a kurkukun Adra. Ya fito a Mayu 2011, ya tarar ƙasar ta kama da wuta, zanga-zanga na cikin wata na uku. Ya koma bakin aikinsa har zuwa 2014, da zama ya gagara, ya sulale ta Labanan shi da matarsa. Jamus ta karɓe su, aka sauke su a nan Marienfelde.

Bai jima da zuwa ba ya yi kiciɓis da wata fuska da ya san ya sani, amma ya rasa a ina. Sai bayan 'yan kwanaki wani aboki ya ce masa, ka san Anwar Raslan ma yana nan? Nan take abin ya faɗo masa. Raslan kanar ne a hukumar leƙen asiri, shugaban sashen bincike a Reshe na 251, wanda mutanen Dimashƙ ke kira al-Khatib da sunan unguwar da yake. Kuma shi ne, in ji al-Bunni, ya jagoranci kama shi a 2006. A ƙarshen 2012 ya tsere daga aiki, ya raɓi 'yan adawa, ya samu biza a 2014. Takwarori biyu, kamamme da mai kamu, ga su a zango ɗaya, kowa na jiran hatimi.

Na daɗe ina kallon ƙofar nan. Kai ɗauka ka bar gida da dangi da sana'a, ka ƙetare teku, ka fita sayen burodi, sai ga wanda ya jefa ka a mota shi ma yana ƙirga canji. Na tambayi abokin tafiyata me lauyan ya yi, don ni a raina na riga na ga an ci kwala, jama'a sun taru. Ya ce bai yi komai ba. Komawa ya yi kan abin da ya iya.

Abin da ya iya ɗin ma sai da aka rage masa. Shaidar lauyancin Dimashƙ ba ta tsayar da mutum gaban alƙalin Jamus, ga harshe sabo ga mai shekara hamsin da biyar. Sai ya farfaɗo da cibiyarsa ta nazarin shari'a a Balin, ya shiga bin waɗanda suka tsira daga kurkuku ɗaya bayan ɗaya, yana lallashinsu su yi magana. Ya haɗa kai da wani lauyan ɗan ƙasarsu, Mazen Darwish, wanda shi ma ya yi fiye da shekara uku a tsare, da wata ƙungiyar lauyoyin Balin mai suna ECCHR. A 2017 suka shigar da ƙorafi gaban babban mai gabatar da ƙara na tarayya, a 2018 Jamus ta fitar da sammacin kama Jamil Hassan, shugaban leƙen asirin sojan sama. Shi kuwa Raslan da ƙafarsa ya kai kansa. A 2015 ya shiga ofishin 'yan sanda a Balin yana kukan ana bin sawunsa, ya rattaba hannu a takardar ƙorafin har da muƙaminsa na kanar. Daga baya aka kira shi shaida a wani binciken daban, bakinsa ya ƙara tona shi. Fabrairu 2019 aka kama shi.

Da yamma muka wuce wani titi mai suna Sonnenallee, wato titin rana, ko da yake ni ban ga ranar ba. Larabawa titin Larabawa suke ce masa, kuma sun yi gaskiya. Allunan kantuna da Larabci, ƙamshin shawarma da gahawa, faranta-farantan kunafa, wani kayan zaƙi mai cuku da ake zuba wa ruwan sukari. Sabon Garin Kano na tuna, inda baƙo ke gina garinsu a cikin garin wasu. Muka shiga wani gidan shayi muka tarar da abokansa uku. Ɗaya injiniya ne a gida, nan direban motar kai saƙo. Na lura da wani abu: duk sanda za a ambaci sunan shugaban ƙasarsu sai murya ta yi ƙasa, ido ya zagaya teburan gefe. Shekara tara, goma da barin gida, nisan kilomita dubbai, amma tsoron ya biyo su cikin akwati. Suna da dalili. Kowannensu na da uwa ko ƙane a can, kuma a lokacin abin da ka faɗa a Balin yana iya ƙwanƙwasa ƙofa a Dimashƙ.

Da zancen Raslan ya taso sai teburin ya rabu. Injiniyan ya ce mutumin ya bar su tun 2012, in za a riƙa ɗaure wanda ya tsere, wa zai ƙara tserewa? Kuma manyan kuraye na can suna shan shayinsu, an samu ƙaramar a hannu ana ta duka. Na kusa da shi bai yi gardama ba, hannun rigarsa ya naɗe ya nuna wuyan hannunsa, inda wani farin tabo ya zagaye kamar awarwaro. Ya ce canza sheƙa ba ya goge wannan. Ni dai na yi shiru na kurɓi shayina. Maganar injiniyan ba ta banza ba ce, amma zuciyata tana wajen mai tabon.

A hanyar komawa ne tafintan ya gaya mini nasa. An ɗauke yayansa a wani shingen bincike a 2012, har yau ba labari. Yana cikin mutum fiye da 100,000 da suka ɓace a ƙasar. Ba gawa, ba jana'iza, ba zaman makoki. Matar yayan ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba. In tafintan ya kira mahaifiyarsu a waya ba sa kama suna, sai ta ce, "Matafiyin nan bai aiko ba tukuna." Na ce Allah ya bayyana shi, ɗan'uwa. Ya ce amin, ya ustaz, gobe ka sa takalmi mai kauri, Koblenz za mu.

Tafiyar kusan awa shida ce, daga gabas zuwa yamma. Muka canza jirgi a Kolon, ba a jima ba sai ga Bon. Na zabura na manne da taga. Sunayen nan biyu tun muna yara muke jin su a rediyon Baba, in sashen Hausa na Muryar Jamus ya buɗe, da daga Kolon, daga baya daga Bon. Ban ga komai ba sai rufin gidaje da hazo, amma ji na yi kamar na wuce ta ƙofar gidan dangi ban tsaya gaisuwa ba.

Koblenz ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi dubu ɗari da 'yan kai ba. A nan kogin Mosel ke zuba cikin Rayin, a wani tsinin ƙasa da suka kafa wa ƙaton gunkin sarkinsu Wilhelm na Ɗaya bisa doki. Na ce wa abokina ai wannan Lokoja ce, inda Binuwai ke gamuwa da Kwara, sai dai babu masu soyayyen kifi. Sunan garin ma, wai, daga kalmar Latin ta mahaɗar ruwa ya samo asali. Kotun da aka yi wa Raslan shari'a ba ta da nisa da bakin kogin. Na zaci zan ga sojoji da buhunan yashi. Gini ne kawai irin na ma'aikata, kamar wani ɓangare na sakatariyar Audu Baƙo, kekuna a ƙofa, wani ma'aikaci na shan taba a gefe.

Tambayar da na yi ita ce wadda na san za ka yi: ina ruwan alƙalin Jamus da laifin da Balarabe ya yi wa Balarabe a Dimashƙ? Amsar wata doka ce da suka kafa a 2002, wadda ta ce kisan ƙare dangi, laifin yaƙi da cin zarafin bil'adama ba su da iyakar ƙasa. Ko'ina aka aikata, ko wa aka yi wa, kotun Jamus na da hurumi. Koblenz kuwa ta samu shari'ar ne saboda a jiharta aka kama na biyu cikin waɗanda aka tuhuma, wani ƙaramin jami'i mai suna Eyad al-Gharib.

Ranar 23 ga Afrilu 2020 aka fara, ana tsakiyar korona, kuma ita ce shari'a ta farko a duniya kan azabtarwar da gwamnatin Asad ta riƙa yi. An zauna sau 108, shaidu sun haura 80. A watan Yuni na shekarar al-Bunni ya shiga ya ba da tasa shaidar, Raslan na zaune 'yan taku kaɗan daga gare shi. Alƙalan, ƙarƙashin wata mace mai suna Anne Kerber, sun koyi kalmomin da ba sa cikin ƙamus ɗin makaranta. Dulab, a naɗe mutum cikin tayar mota a yi ta jibga. Shabah, a rataye shi ta wuyan hannu, yatsun ƙafa na neman ƙasa. Sai na tuna tabon jiya. Akwai kuma wata kujerar ƙarfe da ake lanƙwasa bayan mutum a kai har ƙashin baya ya nemi karyewa, kuma sunanta a kurkukun Siriya kujerar Jamus. A gaban alƙalan Jamus aka yi ta maimaita sunan. An kuma duba hotunan da wani mai ɗaukar hoto na 'yan sandan soja, wanda aka ɓoye da laƙabin Kaisar, ya fito da su a 2013, sama da 50,000, da yawansu na gawawwaki ne, kowace da lamba.

Al-Gharib ya samu shekara huɗu da rabi a Fabrairu 2021, saboda kamo masu zanga-zanga 30 da ya taya yi aka kai su reshen. Ranar 13 ga Janairu 2022 aka yanke wa Raslan ɗaurin rai da rai, bayan kotu ta same shi da hannu a azabtar da aƙalla mutum 4,000 da kashe 27, tsakanin Afrilu 2011 da Satumba 2012. Tafintan ya nuna mini inda ya tsaya a layi ran nan tun kafin asuba, ƙafafunsa sun daskare. Ya nuna mini kuma dandamalin da wata budurwa, Wafa Mustafa, ta taɓa zama ita kaɗai a tsakiyar hotunan waɗanda suka ɓace, tana rungume da na mahaifinta da aka ɗauke a 2013.

Wani abu guda ya ɓata mini rai. Da Jamusanci aka yi shari'ar, tafinta kuwa na waɗanda ake tuhuma ne da masu ƙara. Mutanen Siriya da suka yi tafiyar awa shida don su saurara sai su zauna a baya kamar kurame. Sai da aka kai ƙara kotun tsarin mulki, a Agusta 2020, kafin a ba 'yan jarida masu jin Larabci da aka tantance damar sauraron fassarar. Kuma ba a naɗi zaman a faifai ba. Wannan kam mun san shi. Kotunanmu nawa ake yanke wa baƙauye hukunci da Turanci, yana ta kallon bakin lauya yana jiran a ce masa ya ci ko an cinye shi?

A jirgin dawowa na ce masa mu ma a yankinmu an taɓa yin irin wannan. Hisen Habre na Cadi ya gudu Senegal a 1990, waɗanda ya azabtar suka bi shi shekara da shekaru, har wata kotu a Dakar ta yi masa ɗaurin rai da rai a Mayu 2016. Ya ce ku fa a Najeriya? Na ce an kafa kwamitin Oputa na binciken cin zarafin jama'a a 1999, mutane sun zo sun yi kuka a talabijin, tsofaffin shugabannin soja uku sun ƙi amsa gayyata, rahoton kuma gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba, ni ma na ji daɗin da bai ƙara ba.

Sauran ka sani, don tare muka ji a rediyo a shagonka. Wata guda da dawowata, ranar 8 ga Disamba, Bashar al-Asad ya hau jirgi ya gudu Masko, Rasha ta ba shi mafaka, shi ma ya shiga sahun masu zaman ƙasar wasu. Aka fasa ƙofofin kurkukun Saidnaya. Na kira mutumin Hims na yi masa barka. Muryarsa ta dushe, ya ce kwana uku bai runtsa ba, yana bin jerin sunaye da hotunan da ake ta sakawa a Facebook, na rayayyu da na matattu. Yayansa ba ya cikin ko ɗaya.

Katangar Balin ban samu zuwa ba, ka ba yara haƙuri. In ka idar da salla, ka sa matafiyin nan a addu'a, shi da mahaifiyarsa.